Ajin Anti Nas na Aboabo: Ko Ya Ci Kuɗinsa?

Masu tambayata game da ajin sanin jikin ɗan Adam da Anti Nas take yi a unguwar Aboabo, nan Kumasi, sun yi yawa, wasu a bakin masallaci, wasu ta WhatsApp, galibinsu samari da 'yan mata masu jiran a buɗe ɗaukar ma'aikatan motar agajin gaggawa. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Na daɗe ina zuwa, kuɗin kuma daga aljihuna yake fita, don haka ba labarin ji-ta-ji-ta zan ba ku ba. In amsa a gajarce kake so, to je ka. Sai dai ka san abin da za ka saya, domin akwai abin da matar nan take bayarwa har ka rasa inda za ka zuba, akwai kuma wanda ko ka shekara a gabanta ba za ka same shi ba.

Ajin ba na gwamnati ba ne. Ba shi da wata alaƙa da hukumar motocin agajin gaggawa ta ƙasar Ghana, kuma ba a ba da takardar shaida. Makarantar da ke horar da ma'aikatan hukumar tana Nkenkaasu, a gundumar Offinso ta Arewa, kan hanyar Techiman, shigarta kuwa sai an yi sanarwar ɗaukar aiki ka nema kamar kowa. Anti da bakinta take faɗa wa duk sabon zuwa: "Ɗana, ni ba na sa mutum a aiki. Jikin ɗan Adam nake koyarwa." Abin da ake yi a nan share fage ne, wato anatomi da fiziyoloji, sanin inda kowane abu yake a jiki da yadda yake aiki, don kada ka je can ka tarar ana magana kana kallon allo.

Ɗakin wata makarantar Islamiyya ce take ara a cikin Aboabo. Asabar da Lahadi, bayan la'asar, in yara sun tashi, har zuwa isha, a tsaya a yi magariba a tsakani. Bencin na yara ne, mai dogon ƙafa irina gwiwarsa tana tokarar tebur. Sidi 200 ne a wata, a hannu ko ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kuma na ga ta ɗaga wa mutane ƙafa ba sau ɗaya ba. Mu kusan ashirin ne: masu jiran aikin motar asibiti, wasu 'yan mata biyu masu shirin makarantar nas, masu tsaron kemis, har da wani direban pragya, keken haya mai ƙafa uku, da ya ce ya gaji da ganin haɗari a Anloga Junction yana tsaye bai san abin yi ba. Ita kuwa tsohuwar nas ce da ta yi ritaya bayan shekaru masu yawa a ɗakin gaggawa. Da Hausa take koyarwa, ta surka da Turanci, in ta ga 'yan Asante biyun da ke cikinmu sun ɓata sai ta juya Tuwi.

Abin da ya sa nake cewa ajin ya ci kuɗinsa shi ne tsarin da take bi. A sakandare an fara mana da ƙwayar halitta, aka bi da ƙasusuwa 206, muka haddace muka rubuta jarrabawa muka manta. Anti ba ta bi nan ba. Ta jera jiki ne bisa abin da ya fi saurin kashe mutum: hanyar iska, sai numfashi, sai jini. Hujjarta ita ce ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba amma take cinye kusan kashi 20 na oksijin, in kuma aka yanke mata shi minti 4 zuwa 6 ta fara lalacewa. Duk gaɓar da za ta koyar sai ta ɗaura ta a kan wannan agogon. Ba ta yarda ka faɗi sunan abu ka yi shiru ba. Sai ta ce, "To, in ya lalace me za ka gani a jikin mutum? Minti nawa gare ka?"

A hanyar iska ta fi daɗewa, kuma ya cancanta. Ta shimfiɗa tabarma ta sa ɗaya daga cikinmu ya kwanta rigingine, ta ce ya saki jikinsa gaba ɗaya, ya bar haɓarsa ta faɗo kan ƙirji. Nan take numfashinsa ya soma ƙara. Ta ce wannan ƙarar ita ce harshe. Harshe tsoka ne da ke manne da muƙamuƙin ƙasa, in mutum ya suma sai ya saki ya koma baya ya toshe maƙogwaro, kuma shi ne ya fi komai yawan toshe hanyar iskar wanda ya fita hayyacinsa. Ta sa hannu ɗaya a goshinsa, yatsu biyu a ƙarƙashin haɓa, ta ɗaga. Ƙarar ta ɗauke. Daga nan ta nuna ɗaya hanyar, ta tura muƙamuƙi gaba ba tare da motsa wuya ba, wadda ake yi in ana zargin wuyan ya samu rauni. Kowa sai da ya yi, kowa kuma sai da aka yi a kansa. Bayan haka ne ta zana bututu biyu a allo, na iska a gaba da zobban guringuntsi da ke hana shi rufewa, na abinci a bayansa, da ɗan murfin da ke rufe na iska duk lokacin da aka haɗiyi abu.

A nan ta taɓo wani hali namu na zango da ya daɗe yana damuna. Mutum ya faɗi, kafin ka ce kwabo an kawo ruwa ana ɗura masa, wani ya ruga sayen lemo. Niyya mai kyau ce, amma wanda ya suma ba ya haɗiya, murfin nan ba ya aikinsa, ruwan kuwa huhu zai nufa, ya fi kuma gangarawa ta dama domin reshen bututun dama ya fi faɗi ya fi miƙewa. Sai ta wuce kan yara: kansu babba ne a kan jikinsu, harshensu ya cika baki, bututunsu siriri, ɗan kumburi kaɗan ya isa ya rufe shi. Jariri in ya kwanta rigingine ƙeyarsa tana tura kan gaba ta lanƙwashe hanyar, don haka tawul ake naɗewa a sa ƙarƙashin kafaɗunsa, ba ƙarƙashin kai ba. Tun ranar nake kallon 'ya'yan yayata da wani ido daban.

Darasin numfashi da 9 ga Mayun 2001 ta buɗe shi. Duk ɗan Kumasi ya san ranar, ko an haife shi ko ba a haife shi ba: wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko a filin wasa na Akra, aka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka yi kan matakala, sama da mutum 120 suka rasu, cikinsu har da matasan zango. Ta tambaye mu me ya kashe su. Wasu suka ce tattakewa, wasu suka ce hayaƙin. Ta ce mafi yawansu matsi ne ya hana ƙirjinsu buɗewa. Huhu ba ya jan iska da kansa. Akwai faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki, dayafuram, in ta sauka ƙasa haƙarƙari kuma suka buɗe sai wuri ya ƙaru a ƙirji, iska ta shigo. In an danne ƙirji da ciki ta yadda ba za su motsa ba, ko hanci da baki a buɗe suke mutum ba zai shaƙi komai ba. Ɗakin ya yi tsit. Ta ƙara da cewa bayan wannan musiba ne aka kafa hukumar da muke burin shiga, a 2004, sannan a Janairun 2020 aka raba motoci 307 a faɗin ƙasa, lambar kira kuma 112 ce. Mota ba ta ceton kowa in wanda ke cikinta bai san abin da yake kallo ba, in ji ta.

Zaman da ba zan manta ba shi ne wanda ta aiki wani ɗalibi, ɗan gidan mahauta, ya kawo huhun rago da zuciya a haɗe da maƙogwaronsu, ba a yanka ba. Aka ɗora a faranti kan teburin malam, aka raba safar hannu. Huhun a kwance yake, jajawur mai duhu, a yamutse. Ta ɗauko jakar hura iska irin ta motar asibiti, ta cusa bakinta a maƙogwaron, ta ɗaure da tsumma, ta matsa. Sai ga shi yana tashi sashe-sashe, duhun yana washewa yana komawa ja mai haske, har ƙananan gefuna suka miƙe. Ta saki, ya koma da kansa. Wata daga cikin 'yan matan ta ce "Allahu Akbar" da ƙarfi ba ta sani ba. Ni da na taso ina ganin kayan ciki duk Babbar Salla, ban taɓa tunanin abin da nake wankewa a roba haka yake aiki ba. Anti ta ja kunnenmu cewa na rago ba daidai yake da na mutum ba, na mutum sassa uku ne a dama, biyu a hagu domin zuciya ta ci wuri. Sannan ta soka tsinin wuƙa a gefe guda ta sake matsa jakar, muka ji iska tana tsiyaya. Ta ce a cikin ƙirjin mutum wannan iskar ba ta da mafita. Za ta taru tsakanin huhu da bangon ƙirji, ta danne huhun, in ta ci gaba ta ture zuciya da manyan jijiyoyi har jini ya kasa komawa. Alamunta sai da ta sa muka maimaita: numfashi na ƙara tsanani, gefe ɗaya ba ya tashi, jijiyoyin wuya sun kumbura, bugun zuciya na gudu.

Akwai wani lissafi da ta yi a allo wanda shi kaɗai, a ganina, ya biya kuɗin wata. Babba yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kowane jan numfashi kusan mililita 500. Amma kusan 150 daga ciki a bututu suke tsayawa, ba sa isa inda iska ke haɗuwa da jini. To mutum mai numfashi sau 12 da mililita 500 yana motsa 6,000 a minti, masu amfani 4,200. Wani kuma yana haki sama-sama sau 30 da mililita 200, shi ma 6,000 ne, amma masu amfani 1,500 kacal. Wanda bai sani ba zai ga ƙirji na motsi da sauri ya ce ai yana numfashi, alhali mutumin yana shaƙewa a gabansa, taimakon jaka yake bukata. Shi ya sa ba ta karɓar lamba ita kaɗai. In ka ce "sau 24 ne, Anti," sai ta ce, "Zurfinsa fa? Ka ga ƙirjin ya tashi ko ƙirgawa kawai ka yi?"

Zuciyar ragon ma ba a bar ta ba. Ta tsaga ta muka ga ɗakuna huɗu, ta sa kowa ya matsa bangon ɗakin ƙasa na dama da na hagu tsakanin yatsunsa. Na hagu ya ninka na dama kauri kusan sau uku, domin na dama huhu kawai yake tura wa jini, nan kusa, na hagu kuwa har tafin ƙafa. Ta sa muka zura yatsa cikin babbar jijiyar da ke fita daga hagu, ta nuna wasu ƙananan ramuka biyu a gindinta. Ta nan zuciya take samun nata jinin, kuma mafi yawansa yana shiga ne lokacin da ta saki tsakanin bugu da bugu. Ke nan zuciyar da ke gudu fiye da kima tana rage wa kanta abinci. Bugu 60 zuwa 100 a minti shi ne daidai ga babba, kowane bugu kusan mililita 70, a minti guda kusan lita 5, wato kusan duk jinin jiki yana zagayawa sau ɗaya a minti.

Lita 5 ɗin nan ta sa muka gani da ido. Ta sayi ruwan leda guda goma, kowanne mililita 500, ta jera a tebur ta ce ga jinin mutum mai kilo 70. Ta ɗauke ɗaya: ba abin da za ka gani, kusan abin da mai ba da gudummawar jini yake bayarwa ke nan ya tashi ya tafi gida. Ta ɗauke na biyu: zuciya ta ƙara sauri, jiki ya matse jijiyoyin fata ya tura jini ga ƙwaƙwalwa da zuciya, hannu ya yi sanyi, gumi ya karyo, mutum ya kasa zama wuri ɗaya, yana roƙon ruwa. Amma in ka auna hawan jininsa za ka iya samunsa daidai. Sai an kai leda ta uku, kusan kashi 30 cikin 100, sannan awon yake faɗuwa, lokacin kuwa jiki ya kusa gajiya da kare kansa. Wannan shi ne shok, kuma abin da take so ya zauna mana shi ne wanda ya jira na'urar awo ta gaya masa ya makara. Ta ture leda takwas gefe ta bar biyu, ta ce jinin yaro mai kilo 10 bai ma cika waɗannan ba, kusan mililita 800 ne, kuma yara sun fi manya iya ɓoye shok har sai sun faɗi lokaci guda. Ƙashin cinya ɗaya in ya karye yana iya shanye leda biyu zuwa uku a cikin tsoka ba tare da ɗigo ya fito waje ba. Ƙashin ƙugu ya fi haka. Ta kuma nuna cewa ba zubar jini kaɗai ke kawo shok ba: zuciya na iya kasa turawa, jijiyoyi na iya saki su buɗe gaba ɗaya, ko gudawa da amai su ƙarar da ruwan jiki, abin da muka fi gani ga yara a unguwanninmu.

Wani abu da na yaba mata ƙwarai: a kan baƙar fata take koyarwa. Littattafan da ke yawo a wayoyinmu kusan duk hotunan fararen fata ne, suna cewa mara lafiya zai yi fari ko ya yi shuɗi. A jikin ɗan Aboabo ina za ka ga shuɗi? Ta sa muka riƙa jan fatar ƙasan idon juna muna duba jan da ke ciki, mu duba cikin leɓe, dasashi, harshe, tafin hannu. A danna farce a saki, launi ya dawo cikin daƙiƙa 2. Ta ce mu saba da yadda na mai lafiya yake, domin sai ka san daidai kake gane wanda ya kauce. Ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin ma ta gargaɗe mu a kanta: yatsa mai sanyi, jan farce, ko baƙin lallen da matanmu ke sha lokacin biki da suna, duk suna iya rikita ta, kuma ga mai duhun fata takan nuna lamba sama da gaskiya. Ka duba mutum tukuna, sannan ka duba na'ura.

Ciki kuwa da alli ta koyar da shi. Kowane namiji ya zo da tsohuwar baƙar riga, aka ja layi biyu da suka gitta a cibiya, ciki ya rabu huɗu. Hanta da matsarmama a sama ta dama, saifa da tumbi a sama ta hagu, afendis a ƙasa ta dama, ƙoda biyu can baya. Dama da hagu na mara lafiya ake nufi, ba naka ba, wannan kam ta yi ta nanatawa har ya zauna. Hanta da saifa in sun fashe jini suke zubarwa, hanji da tumbi kuwa abin da ke cikinsu suke zubarwa ya ƙone cikin. Saifa tana ɓoye ƙarƙashin haƙarƙari na 9 zuwa na 11, don haka ɗan okada da kan babur ya doka a gefen hagu, ya tashi yana karkaɗe wando yana cewa kafaɗarsa ta hagu ce kawai ke ciwo, ba wanda za a bari ya tafi gida ba ne. Dayafuram kuma in an fitar da numfashi tana hawowa har kusan saitin kan nono, ke nan sukar wuƙa a ƙasa da nan tana iya zama raunin ƙirji da na ciki a lokaci guda. Ƙashin baya ta bi shi da sauri: 7 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a gadon baya, sauran a haɗe a ƙasa, jimla 33. Amma ta tsaya a kan na wuya na 3 zuwa na 5, domin daga nan jijiyar da ke motsa dayafuram take fitowa. Direban pragyan nan ya riƙe kai, ya ce sau nawa ya ga an ɗauki mutum hannu da ƙafa, kai na reto, an jefa a bayan aboboya, babur ɗin ɗaukar kaya mai ƙafa uku.

Maza da maza suke gwaji, mata da mata, da labule a tsakani in abin ya kai ga taɓa ƙirji ko ciki. Na san iyaye da yawa wannan ce tambayarsu ta farko. Amma ta faɗa mana gaskiya cewa a bakin aiki ba ka zaɓen wanda za ka ɗauka, don haka ta koya mana neman izini, rufe jiki da zane, da kiran wata mace ta tsaya kusa. A nan ta kawo batun mai juna biyu: in cikin ya tsufa aka kwantar da ita rigingine, mahaifa tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, sai jiri da faɗuwar awon jini. A karkata ta gefen hagu.

Yanzu ga inda ajin ya gaza, kuma ba ƙananan wurare ba ne.

Ƙwaƙwalwa da jijiyoyinta an yi musu gaggawa. Zama guda aka yi: ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ke juya hagun jiki, gindinta ke riƙe da numfashi, ƙoƙon kai rufaffe ne ba ya ba kumburi wuri, shi ke nan aka wuce. Ga yawan masu hawan jini da shanyewar ɓarin jiki a zango, wannan bai isa ba. Haka sukari. Ta faɗi cewa insulin daga fankiriyas yake fitowa, awon sukarin jini da ya sauka ƙasa da 4 haɗari ne, mai shi yana iya rikicewa har a ɗauka maye ne ko iska, amma ba ta zauna a kai ba, alhali duk azumi sai an kwashi dattawa masu ciwon sukari. Sikila ko ambatonta kirki ba a yi ba, a ƙasar da kusan kowane dangi ya san mai ita. Na yi mata magana, ta ce, "Ɗana, ka yi gaskiya, za mu dawo kai." Har yanzu ina jira.

Na biyu, Turanci. Fahimtar da take bayarwa da Hausa ba ta da na biyu, amma jarrabawa da Turanci ake yi, rahoton da za ka miƙa wa nas a ƙofar asibitin Komfo Anokye ma da shi ne. Tana faɗin sunayen da baki, ba ta cika rubutawa a allo ba, ba ta kuma ba da gwajin rubutu. Na ga ɗalibin da zai yi maka bayanin zagayawar jini tiryan-tiryan, amma a ba shi takarda ya kasa rubuta sunan ɗaki ɗaya na zuciya daidai. Wasunmu mun haɗa ƙungiya muna yi wa juna shifta bayan isha, ya kamata a ce wannan cikin ajin yake.

Kayan aiki ma da sauransu. Mutum-mutumin roba da ake cire wa kayan ciki ya tsufa, ƙoda ɗaya ta ɓata, hantar an ɗaure ta da roba. Babu mutum-mutumin danna ƙirji, wanda ake koyon farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya a kansa. An gaya mana sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, danna 30 hura 2, amma a kan matashin kujera muke gwadawa, matashi kuwa ba ya gaya maka ko ka kai zurfin. Kada wanda ya fito daga nan ya ɗauka ya iya wannan aikin, sai ya je inda ake da kayan. Takardun da take rabawa hoton hoto ne, wasu zanen sun dushe. In an ɗauke wuta bayan magariba da fitilar waya ake ƙarasawa, in kuma ana biki a layin sai ka matso gaba kafin ka ji ta. Tana da faɗa. Wanda ya makara ko ya taɓa waya zai ji a jikinsa, kuma na san wata yarinya mai ƙoƙari da ta daina zuwa saboda an tsawata mata a gaban mutane. Wannan ya yi mini ciwo, domin irinta ake bukata a aikin.

Duk da haka ban san wani wuri a Aboabo, Asawase ko Sabon Zango da za ka biya sidi 200 a sa maka zuciya a hannu a ce ka nemo inda take shan jininta ba. Wanda ya riga ya yi makarantar nas ba zai ƙaru sosai ba. Wanda kuma takarda yake nema ya ajiye kuɗinsa. Amma mai shirin Nkenkaasu, ko mai tsaron kemis, ko direban da kullum yake kan titi, ya zo da littafin rubutu mai kauri, agogon hannu mai nuna daƙiƙa domin ba ta yarda a ƙirga bugun jini da waya ba, da tsohuwar baƙar riga. Ya nemi littafin anatomi na Turanci ya riƙa bi a gida, babi da babi, musamman na ƙwaƙwalwa. Sabon rukuni daga hanyar iska yake farawa, kuma duk sauran darussan a kanta aka gina su, don haka in ka ji an yi nisa gara ka jira zagaye na gaba.